Abin da na koya da na bar Windows na koma Linux

Sama da shekara goma ina aiki da kwamfuta, duk a kan Windows, kuma da a lokacin ka tambaye ni ko na iya kwamfuta zan ce maka sosai ma, don a ofis ni ake kira in firinta ta ƙi aiki ko fayil ɗin wani ya yi ɓatan dabo. Sai da na sauya babbar manhajar kwamfutata sannan na gane yawancin abin da nake kira iyawa sabo ne kawai, hannuna ya haddace inda zai danna amma abin da ke faruwa a ƙarƙashi ban taɓa leƙawa ba.

Dalilin sauyawar ba wani dogon abu ba ne. Microsoft ta sa ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar da Windows 10 zai daina samun gyaran tsaro na yau da kullum, shi kuma Windows 11 yana da nasa sharuɗɗan, sai kwamfuta tana da TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar, kuma furosesarta tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, a ɓangaren Intel galibi daga fitowa ta 8 zuwa sama. Tawa ba ta kai nan ba, amma lafiyarta ƙalau, kibod ɗinta ma har yanzu ban samu wanda ya kai shi daɗin rubutu ba. To na ga ba dalilin da zai sa in ajiye abu mai aiki, shi ne na ce bari in gwada Linux ɗin nan da nake ta jin labari.

Abu na farko da ya rikita ni, ashe Linux ba abu ɗaya ba ne. Abin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki shi ne zuciyar tsarin, wadda ake ce wa kanel, mutane daban daban ne ke ɗauka su haɗa ta da sauran kaya su fitar da nasu samfurin, akwai Debian, akwai Fedora, akwai Ubuntu da ya fito a 2004, akwai Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu, da wasu masu yawan gaske. Na ɓata kusan sati biyu ina sauke wannan in goge in sauke wancan, kullum ina ganin kamar na gaba zai fi. Gaskiya ɓata lokaci ne. Ga mai shigowa sabo bambancin da ke tsakaninsu bai kai yadda ake kururuta shi ba, abin da ya fi amfani shi ne ka ɗauki wanda jama'a da yawa ke kai, ta yadda duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka kuma an amsa masa. A ƙarshe na tsaya a kan Mint saboda fuskarsa ta yi kama da abin da na saba, ga menu a ƙasa ta hagu, kuma yana bin sigar Ubuntu mai dogon zango, wadda ke fitowa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu ana kuma kula da ita shekara biyar.

Wani abu da ya burge ni shi ne za ka iya ɗora shi a kan filash ka tayar da kwamfuta daga nan, ka yi ta gwaji ba tare da ka taɓa komai na cikin kwamfutar ba. Gani ya kori ji. Sai dai ni gwajin rabi da rabi na yi, na ga intanet ta kama, na ji sauti ya fito, na ce shi ke nan. Ban gwada na'urar sikanin ɗinmu ba, ban gwada rufe murfin kwamfutar in buɗe in ga ko za ta farka daidai ba, ban jona ta da majigi ba alhali kusan kowane wata sai na yi bayani a gaban mutane. Majigin da farkawar duk sun yi daidai daga baya, sikanin ɗin ne ya ci min kwana uku ina neman direbansa, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta fahimci na'urar. Da na gwada tun a kan filash da na san abin da ke jirana.

Da farko ban goge Windows ba, na raba faifan ajiyar gida biyu kowa da nasa, in na kunna sai menu ya fito in zaɓa. Kafin in fara wani abokin aikina ya ce min in duba ko an kulle faifan da BitLocker, in haka ne in rubuta makullin nan mai lamba 48 a takarda, don taɓa saitin tayarwa na iya sa kwamfutar ta nemi makullin kafin ta buɗe. Allah Ya saka masa, don kuwa ta nema. Bayan nan sai ƙananan abubuwa suka fara fitowa. Duk lokacin da na dawo Windows daga Linux sai in tarar agogo ya kauce, na ɗauka batirin agogon ne ya mutu, ashe shi Linux yana ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, shi kuma Windows yana ɗaukarsa a matsayin lokacin inda kake, kowa in ya hau sai ya gyara yadda ya fahimta. Sai kuma wata rana na buɗe ɓangaren Windows daga cikin Linux ina ganin fayilolina amma an hana ni canza ko ɗaya. Dalili kuwa Windows yana da wani saiti na saurin tashi wanda in ka ce a kashe ba ya kashewa gaba ɗaya, ɗan barci yake yi, shi kuma Linux in ya ga faifan a wannan hali sai ya ƙi rubutu a kai don kada ya lalata wani abu. Na kashe saitin, magana ta ƙare. Abin da ya tsaya min a rai shi ne shekara da shekaru ina danna kashewa ban san ba kashewar gaske ake yi ba.

Inda na fi shan wuya, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne takardu. Aikina rubuta rahoto ne da tsara lissafi a tebur, kuma Microsoft Office na kan kwamfuta ba shi da sigar Linux, haka ma Photoshop ga masu aiki da shi. LibreOffice ne ya zo da Mint, yana buɗe fayil ɗin Word da Excel kuma yana ajiyewa a tsarinsu, to sai na saki jiki. Na gyara wani rahoto mai shafi ashirin da wani abu na tura, ba a jima ba shugabar sashenmu ta kira ta ce, Malam, wannan takardar taka fa duk ta zame, teburin shafi na huɗu ya rabu biyu, kanun ma ya koma ƙasan shafi. A wajena kuma komai tsaf yake. Na daɗe ina zargin manhajar kafin in gano ainihin abin: an rubuta takardar da salon haruffa na Calibri, ni kuma ba ni da shi a Linux, sai aka musanya min da wani wanda faɗin haruffansa ya bambanta, layi ya ɗan tsawaita a nan ya gajarta a can, ni kuma na bi ina gyara tazara da ido a kan abin da ba shi za ta gani ba. Maganin ashe akwai shi tuntuni, akwai salon Carlito da aka ƙera da faɗi daidai da na Calibri, akwai Caladea a madadin Cambria, su kuma Liberation suna tsayawa a madadin Arial da Times New Roman. Tun da na ɗora su abin ya ragu ƙwarai. Kuma daga nan na koyi tambayar kaina kafin in tura kowace takarda, karantawa za a yi ko gyarawa? In karantawa ce PDF nake turawa, wannan ba ya zamewa a hannun kowa. Na kuma daina jera rubutu da danna sarari sau goma, na koyi amfani da saitin sakin layi yadda ya kamata, abin da ya kamata a ce na koya tun ina kan Word ɗin.

Sunan fayil ma sai da ya koya min darasi. A Linux Rahoto da rahoto fayil biyu ne daban, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, a Windows kuwa ɗaya ne. Kuma Linux zai bar ka ka sa alamar tambaya ko ɗigo biyu a sunan fayil, Windows ba ya yarda, na sa wa wasu fayiloli suna da lokaci irin 10:30 sai da na zo kai wa wani na ga sun ƙi. Babu kuma zancen faifan C da faifan D irin na Windows, komai reshe ne daga tushe ɗaya, kayanka duk suna cikin folda ɗaya mai sunanka. Filash ɗin da zai riƙa yawo tsakanin kwamfutoci kuwa tsarin ajiya na exFAT nake masa, don tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabait 4.

Sai taminal, baƙin allon nan da ake rubuta umarni, wanda shi ne ke tsorata mutane. Yawancin ayyukan yau da kullum ba sa buƙatarsa, akwai shagon manhajoji da za ka danna ka ɗora abin da kake so, sabuntawa ma wuri ɗaya take zuwa har da ta manhajojin da ka ɗora. Amma in ka nemi taimako a intanet galibi umarni za a ba ka, don ya fi sauƙin faɗa a kan a ce danna nan ka shiga can. Kuskurena shi ne na riƙa kwafowa ina liƙawa ban karanta ba. Wata rana ina son cire wata manhaja, na sa umarnin da sudo a gaba, wato da cikakken iko, ya jero min sunayen abubuwan da zai cire tare da ita ya tambaye ni in ci gaba, na ce e ban duba ba, a cikinsu akwai abubuwan da fuskar kwamfutar ke dogaro da su. Na sake kunnawa ba menu ba komai. Abin da ya cece ni Timeshift ne, wanda ke ajiye kwafin yadda tsarin yake lokaci lokaci, na tayar daga filash na mayar da kwamfutar yadda take shekaranjiya. Laifin nawa ne, an nuna min an kuma tambaye ni. Yanzu duk umarnin da ban fahimci kowace kalma a cikinsa ba ba na sa shi, in kuma na ga jerin abin da za a cire sai na karanta har ƙasa.

Bayan wata huɗu na lura ba na shiga Windows sam, sai na yanke shawarar goge ɓangarensa don in samu fili. Na kwafe takardu, hotuna, abin da ke kan allo, duk a faifan waje, na duba sau biyu, na goge. Bayan kwana kaɗan ina rubutu da Hausa na ga jan layi a ƙarƙashin kalmomi, sai gabana ya faɗi. Shekaru na yi ina ƙara kalmomi da sunaye a ƙamus ɗina na Word, ga kuma samfurin wasiƙa da na tsara da hannuna, ashe duk ba a foldar takardu suke zaune ba, suna cikin wata ɓoyayyar folda mai suna AppData wadda ko ganinta ba ka yi sai ka ce a nuna ɓoyayyun abubuwa. Sun tafi. Wannan ya yi min ciwo sosai, har yanzu in na tuna sai na ji ba daɗi, don ba abu ne da za ka sauke daga wani wuri ba, aikina ne da na tara kaɗan kaɗan. Da na ɗauki kwafin faifan gaba ɗayansa na ajiye ko na wata shida ne da ba a yi haka ba. Abin da ya ɗan sanyaya min rai shi ne na tarar akwai tsarin kibod na Hausa a cikin saitin, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ duk suna fita ba wahala, na fara tara sabon ƙamus, wannan karon na san ainihin inda fayil ɗin yake kuma yana cikin abin da nake kwafewa duk sati.

Ba zan ce komai ya dawo daidai ba. Akwai wani teburin lissafi na ofis mai makuro da yawa a ciki, wato ƙananan umarni masu yin aiki da kansu, LibreOffice yana tafiyar da wasu ya kasa wasu, kuma ba nawa ba ne balle in sake gina shi. Don shi kaɗai na ɗora Windows a cikin VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar tafiyar da Windows a cikin Linux, in buɗe shi kamar taga ƙarshen wata in gama in rufe. Akwai masu ganin wannan kamar ba ka gama sauyawa ba, ni ban ɗauke shi haka ba, aiki aka ba ni kuma dole ya fita daidai. Wanda kuma abincinsa gaba ɗaya ya rataya a kan manhajar da babu ita a Linux, ba zan matsa masa ya sauya ba ko kaɗan.

Kwanakin baya wata ƙanwarmu a ofis da kwamfutarta ke cikin irin halin da tawa ta shiga ta ce, Yaya, don Allah ka mayar min da tawa irin taka. Na ce mata zan yi amma ba yau ba. Na ɗora mata LibreOffice da Firefox na shiga intanet da Thunderbird na imel a kan Windows ɗinta, tunda duk suna aiki a can ma, na sa mata Carlito, na ce ta yi wata guda cur tana aikinta da su kaɗai, ta kuma ajiye takarda a gefe tana rubuta duk abin da ta nema ta rasa. Ni da na haɗa sabuwar babbar manhaja da sababbin manhajojin aiki a rana ɗaya, in abu ya lalace ban ma san wanne zan tuhuma ba. Tana sati na uku yanzu, abu biyu ta rubuta a takardar, ɗaya mun riga mun samo madadinsa, ɗayan kuma manhajar sa hannu a takardu ce, ita muke dubawa kafin mu taɓa faifanta.