Takardar sakin da ta tsayar da ni a Jos shekara guda

Takardar da ta jawo mini asarar fam 1,538 na kuɗin Ingila da kusan shekara guda ta zaman aurena falle ɗaya ce tak, wadda aka yago daga littafin rubutu irin na 'yan firamare. Layi uku ne a jikinta da shuɗin biro, kuma tun 2016 take a ninke a ƙasan akwatin Hajiyarmu a Unguwar Rogo, ƙarƙashin turamen atamfar da take ta ajiya ba ta ɗinka ba. Takardar sakin aurena na fari ce. Lokacin da nake haɗa takardun neman bizar da za ta kai ni wurin maigidana a birnin Manchesta na Ingila, babu abin da ban tono ba, har da rasit ɗin masu haya da kujerun biki, amma ita ban taɓa ta ba. Na daɗe ina cewa mantawa na yi, alhali gaskiyar magana ita ce ban so tunawa da ita ba.

An ɗaura mana aure a ƙofar gidan Baffa a watan Disamban 2021. Maigida haifaffen Jos ne, karatu ya kai shi Ingila, ya samu aiki ya zauna har ya zama ɗan ƙasa, kuma bai taɓa aure ba. Ni kuwa shekarata biyar ina zawarci, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Ya yi mako biyar bayan biki ya koma bakin aikinsa, muka shiga haɗa takardu da zaton kafin Babbar Sallah ina can.

Sharuɗɗan da kowa yake tsoratar da mutane da su ba su ba mu wahala ba. Jarrabawar Turancin da ake nema a karon farko ta magana ce da saurare a matakin A1, wato matakin farko, na ci ba tare da wani dogon shiri ba. Na je Abuja aka ɗauki hoton ƙirjina don gwajin tarin fuka, aka ba ni takarda. A lokacin ana buƙatar mai ɗaukar nauyi ya kasance yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara, albashin maigida ya haura haka, ya turo takardun albashinsa da bayanan bankinsa na wata shida tare da wasiƙar wurin aikinsa.

Inda na ƙarar da ƙarfina gaba ɗaya shi ne wajen nuna cewa auren na gaskiya ne, domin duk wanda na yi wa maganar sai ya ce mini auren bogi suke farauta. Na zauna dare da rana ina tace hirarrakinmu na WhatsApp, na haɗa jerin kiran waya, da shaidar kuɗin da yake turo mini, da tikitin jirginsa na zuwa biki. Hotunan ɗaurin aure ma sai da suka tayar mini da hankali, don kuwa babu ni a ko ɗaya: maza ne zalla a kan tabarmi da manyan riguna, sai faranti na goro da alewa. Na rubuta bayani mai shafi biyu cewa a wurinmu amarya ba ta halartar ɗaurin aurenta, waliyyinta ne yake bayarwa, wakilin ango ya karɓa, a ambaci sadaki a gaban shaidu, sannan na haɗa da hotunan kamu da na buɗar kai inda ake ganinmu tare. Har yau ina ganin wannan bayanin ya dace, amma tarin hirarrakin nan ɓata lokaci ne kawai.

A cikin fom ɗin neman bizar akwai tambaya ko na taɓa yin aure. Ban ɓoye ba, na amsa cewa na taɓa, kuma auren ya mutu ta hanyar saki a 2016. Ina gode wa Allah da ban bi shawarar wata ƙawata da ta ce in rubuta ban taɓa aure ba tunda babu haihuwa, domin da an kama ni da ƙarya, da abin ya fi wanda ya same ni muni nesa ba kusa ba. Sai dai amsar kawai na bayar, ban ɗora wata shaida a kanta ba. Ƙanena ne yake ɗora mini takardun a kwamfuta, da ya zo wurin ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ina takardar wancan auren?" Na ce masa, "Kai, yi abin da aka sa ka. Da auren bai mutu ba liman zai ɗaura wani ne?" Ya yi shiru ya ci gaba. Wannan tsawar da na yi wa yaro ita ce kalma mafi tsada da na taɓa furtawa, kuma ba rashin sani ne kaɗai ya sa na yi ta ba. Ina cikin ɗokin sabon aure, ba na son sunan wancan mutumin ya shiga cikin jakar da za ta kai ni gidan mijina.

A watan Afrilun 2022 na bi hanyar Hawan Kibo da Akwanga na sake zuwa Abuja, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, na bar fasfona a can. Mun biya kuɗin biza fam 1,538, da kuɗin kula da lafiya fam 1,872, wato fam 624 na kowace shekara har uku. Ƙa'idar jira a lokacin mako 12 ce. To, amma tun watan Fabrairu Rasha ta auka wa Yukren, aka karkatar da ma'aikatan biza na Birtaniya zuwa takardun 'yan gudun hijira, aka dakatar da tsarin biyan ƙarin kuɗi don a hanzarta, sannan a watan Mayu aka sanar cewa bizar iyali ta koma mako 24. Ni kuwa na riga na ajiye aikina a ƙarshen zangon karatu, na rabar da tukwane da labulaye, na dawo ɗakin Hajiya da akwati biyu a ɗaure.

Wanda bai yi irin wannan jiran ba zai ɗauka zama ne kawai. Babu wanda za ka je ka gani, babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, wasiƙar tambaya ma kuɗi ake biya a aika, amsar kuma ba ta wuce cewa ana kan dubawa. Na wayi gari ina duba imel kafin in yi alwalar asuba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaisuwar unguwa: duk gidan suna ko biki da na shiga sai an ce, "A'a, amaryar Ingila, ashe kina nan?" Wasu da zuciya ɗaya suke faɗa, wasu kuma na san inda suka dosa, don bazawarar da aka ce ta auri na Turai kuma aka ga wata shida tana zaune a gidansu, ba a rasa masu cewa ko an fasa ne.

Amsa ta zo a watan Oktoba, kuma ƙi ce. Na karanta wasiƙar sau uku kafin in gane abin da take cewa. Sun yarda da kuɗi, sun yarda da Turanci, sun yarda da masauki, kuma ko da layi ɗaya ba su yi shakkar soyayyar da na tara wa shafuka ba. Abin da suka ce shi ne na ambaci aure na fari amma ban kawo abin da zai nuna ya ƙare ba, saboda haka ba su gamsu cewa aurena na yanzu halastacce ne ba. Na ji zafin wannan fiye da zafin kuɗin, domin a kunnen Bahaushiya ma'anarsa ita ce ana zargina da aure kan aure. Daga baya, da raina ya huce, na yarda cewa wanda yake zaune a wata ƙasa yana duba takardu bai san Baffa ba, bai san limamin unguwarmu ba, abin da na ajiye masa a gaba kawai ya sani.

Muna da kwana 28 na ɗaukaka ƙara. Lauyan da maigida ya gani a can ya ce ƙarar tana iya cin watanni da yawa, kuma tunda giɓin a fili yake, sake nema da cikakkiyar shaida ya fi sauri. Shi ne ya fayyace mana abin da ya kamata mu sani tun farko. Dokarsu ta iyali ta 1986 tana amincewa da sakin da aka yi a wata ƙasa, har da wanda ba a je kotu ba, matuƙar yana da inganci a dokar ƙasar da aka yi shi, ma'auratan 'yan can ne, kuma babu ɗayansu da yake zaune a Birtaniya a shekarar da ta gabaci sakin. Sakin da aka furta ko aka rubuta a cikin Birtaniya kuwa ba ya raba aure a idon dokarsu sai an bi ta kotu. Ke nan sakina ingantacce ne tun asali, shaida ce kawai babu. An mayar mana da kuɗin lafiya, kuɗin biza kuwa ya tafi ke nan.

Da Hajiya ta ciro takardar daga akwati sai na ga wata sabuwar matsala. Sunansa ne da nawa, da kalmar saki ɗaya, da sa hannu. Babu kwanan wata, babu sunan shaida ko ɗaya, kuma da Hausa take. Ko da na ɗora ta a karon farko, da wuya ta wadatar a yadda take. Dole sai kotu ta tabbatar, kuma alƙali ya ce yana son jin ta bakin wanda ya yi sakin.

Nan ne kunyar da na guje wa ta dawo mini ninki biyu. Na durƙusa gaban Baffa na yi masa bayani, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "'Yar nan, da kin faɗa mini tun watan azumi, da aikin yini ɗaya ne." Dattijo mai furfura ya shiga mota ya tafi Bukuru neman mutumin da rabonsa da shi shekara shida. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya karɓi Baffa da mutunci, amma sai da aka ɗage zama sau biyu kafin ya samu zuwa. A gaban alƙali aka shiga lissafin rana. Hajiya ta tuna cewa na dawo gida ana sauran soyayyen naman layya a cikin kwalla, shi ma ya ce mako biyu ne bayan Sallah, Babbar Sallar 2016 kuwa ta faɗo ranar 12 ga Satumba. Da wannan, da shaidar Baffa da ta wani maƙwabci cewa ba a mayar da auren ba har idda ta cika, kotu ta ba da takardar tabbatar da mutuwar aure mai hatimi. Na roƙi a haɗa mini da takardar tabbatar da aurena na yanzu, don kada in dogara da ta masallaci kaɗai. Guntuwar takardar ta asali kuma na kai ta wurin mai fassara, ya juya ta zuwa Turanci, ya rubuta cewa fassarar daidai take, ya sa cikakken sunansa da adireshinsa da kwanan wata da sa hannu, domin duk takardar da ba da Turanci take ba sai da irin wannan ake karɓarta.

Kafin a gama wannan, sauran takardun sun tsufa. Takardar tarin fuka wata shida take yi, sai da na koma Abuja aka sake ɗaukar hoton ƙirji. Takardun albashi da na banki dole na ƙarshensu ya kasance bai wuce kwana 28 ba a ranar da aka cika fom, saboda haka maigida ya sake haɗa sababbi. Jarrabawar Turanci ce kaɗai ta tsira, don ita shekara biyu take yi. Mun sake biyan fam 1,538 a watan Janairun 2023. Jakar ta biyu ba ta kai rabin ta farko kauri ba: hotuna goma sha biyu, hirarraki kaɗan daga kowane wata, sai takardun kotu guda biyu a sama. Biza ta fito a watan Afrilu, ta wata 33.

Wani abin da yake sa gabana ya faɗi har yanzu shi ne da mun yi sanyin jiki muka bari sai daga baya, domin daga 11 ga Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa fam 29,000, kuɗin lafiya kuma ya koma fam 1,035 a shekara tun watan Fabrairun wannan shekarar. Albashin maigida bai kai sabon adadin ba. Waɗanda suka shiga tsarin kafin ranar, irinmu, ana ci gaba da auna su da tsohon adadi.

Tafiyar da sauranta. Akwai sabunta izinin zama na wata 30 da Turanci matakin A2, sai an cika shekara biyar a nemi zama na dindindin da matakin B1 da jarrabawar sanin rayuwar ƙasar mai tambaya 24 wadda sai an ci 18, sannan matar ɗan ƙasa ta nemi zama 'yar ƙasa, da sharaɗin kada kwanakin da ta yi a waje su wuce 270 a shekara ukun ƙarshe. A wannan matakin ba hotunan biki ake nema ba, wasiƙun hukuma da na banki da na asibiti ake so, masu nuna muna zaune a gida ɗaya tsawon lokacin. Na sa an saka sunana a takardar wuta da ta harajin gida tun watan farko, kuma ko ambulan ba na yarwa. Maigida yana yi mini dariya, ya ce na zama magatakarda.

Yanzu haka ina Jos, na zo ganin gida na mako uku. Shekaranjiya 'yar ƙanwar Hajiya ta zo gaishe ni, ita ma bazawara ce, kuma wani da yake aiki a Kanada ya aiko a nema masa aurenta. Tana ta nuna mini hotunansa a waya, na tambaye ta ina takardar sakinta. Ta ɓata fuska ta ce, "Haba Anti, da baki ya yi, kuma wannan ai ya wuce." Na ce ta kira mini mahaifinta, kuma ta shirya ranar Litinin da safe, ni da kaina zan raka ta kotu.