Abin da ɗaga ƙarfe da gudun fizga suka yi wa ƙafafuna

A ƙungiyoyin ƙwallon unguwa irin tamu, in aka ce atisaye, zagaya fili ake nufi da sassarfa har riga ta jiƙe sharkaf. Numfashi kam ana samu. Sai dai ni ɗan wasan gefe ne, kuma ba sassarfa ake nema a wurina ba. So ake in fizga a guje, in ci birki, in juya in sake fizga, a minti na 80 kamar yadda na yi a na 10. Hakan bai samu ba sai da sabon kocinmu ya raba mana mako gida biyu: ranakun ƙarfe da ranakun gudu.

Ƙarfen namu rodi ne da aka daskarar wa siminti cikin gwangwanin fenti a kowane gefe. Ka saɓa a kafaɗa, ka tsuguna, ka miƙe, sau biyar ko shida kacal, amma da nauyin da na ƙarshe sai ka ciji leɓe. A makonnin farko cinyata ba ta ƙara kauri ko kaɗan ba, nauyin da nake ɗagawa kuwa sai hawa yake yi. Ashe jijiyoyi ne ke fara koyon tada zaren tsoka masu yawa a lokaci guda, kaurin sai daga baya. Inda na fara ganin amfanin shi ne takun farko: ina barin mai tsarona tun bai gama juyowa ba.

Akwai wani atisaye da muka tsana. Ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa sauka gaba a hankali har tsokar bayan cinya ta gaza riƙe ka. Kwana biyu bayansa, zaman tahiya ma sai da dabara. Amma ita ce tsokar da ke yawan yagewa wurin tsere, kuma bincike ya nuna wannan atisayen na rage raunin da kusan rabi.

Gudun kuwa tsarin 'yan Norway ne: minti huɗu kana gudun da ba ka iya haɗa kalma uku, minti uku na sassarfa, zagaye huɗu. Wani mai bincike, Jan Helgerud, da abokan aikinsa sun gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo, suka wallafa a 2001, inda bayan mako takwas nisan da yaran ke ci a wasa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Ni abin da na lura, hakin bai daina zuwa ba, saurin lafawa ya koya.

Haɗa ƙarfen da gudun ne ke da wuyar sha'ani. Tun 1980 wani mai bincike, Robert Hickson, ya nuna cewa in aka lafta wa jiki duka biyun babu sassauci, ƙarin ƙarfin yana tsayawa cak. Shi ya sa koci ba ya yarda mu taɓa ƙarfe washegarin gudu mai tsanani, kuma in dole a haɗa su rana guda, ƙarfe ne farko, tun ƙafa na da sauranta. Masu zumuɗin ƙarawa a ɓoye su ne ke zuwa wasan Asabar da ƙafa kamar an ɗaura musu turmi. Da azumi kuma mukan mayar da komai bayan sallar asham, mu rage yawan zagaye, nauyin ƙarfen kuwa a bar shi yadda yake.