Mutuwar Mai Kada da Abin da Aka Ce a Majalisarmu

A shekarun da kwanon tauraron ɗan adam ya fara yawaita a kan rufin gidajen unguwarmu a Bauchi, in aka cire ƙwallo, babu shirin da yake tara yara da manya a gaban talabijin ɗaya kamar na Baturen nan ɗan Ostareliya mai gajeren wando ruwan ƙasa, wanda yake dira a bayan kada ya rungume shi yana ihun murna. Sunansa Steve Irwin, amma mu Mai Kada muke ce masa. Yawancin masu kallon ba sa jin Turancinsa, kuma hakan bai taɓa rage musu daɗin kallon ba.

Ranar 4 ga Satumba 2006 aka wayi gari da labarin mutuwarsa yana da shekara 44. Abin da ya fara ɗaure wa mutane kai shi ne cewa ba kada ne ya ci shi ba, ba kuma maciji ne ya sare shi ba. Yana ninƙaya ne a tekun gaɓar jihar Queensland, inda ake ɗaukar wani shiri, sai wani kifi mai faɗi kamar faifai ya soke shi a ƙirji da ƙayar wutsiyarsa, har ta kai ga zuciya. Masuntan kogin Binuwai sun san ɗan'uwan wannan kifi, suna kiransa kunamar ruwa, kuma sun san ba ya neman mutum da faɗa sai an taka shi ko an rutsa da shi.

A majalisar ƙofar gidanmu an kwashe mako guda ana gardama a kai. Kawuna, wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa, ya tsaya kai da fata cewa mutumin gardi ne kamar gardawanmu masu wasa da kura da macizai a kasuwa, cewa an dafa shi ne kada da maciji ba sa kama shi, sai aka manta ba a haɗa masa da na teku ba. Na ce masa, "Kawu, ai a gidan namun dajin iyayensa ya tashi, tun yana yaro yake koyon halin dabbobin nan." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, shi ma gardi a gidansu yake gada." Wani dattijo kuma ya kashe maganar da cewa ajali in ya yi kira, ko babu ciwo sai an tafi. Abin da na lura da shi, ban kuma manta ba, shi ne duk da gardamar babu wanda ya yi dariya. Jimami ake yi na gaske a kan mutumin da ko hanya ba ta taɓa haɗa mu da shi ba.

A ƙasarsu abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Jama'a sun cika ƙofar gidan namun dajinsa da ke Beerwah da furanni da wasiƙu, gwamnati ta yi tayin yi masa jana'izar girmamawa ta hukuma, mahaifinsa Bob ya ƙi, yana mai cewa ɗansa mutum ne kamar kowa. Ranar 20 ga Satumba aka yi taron tunawa da shi a filin da ya saba nuna kadoji, Firayim Minista John Howard ya yi jawabi, 'yarsa Bindi mai shekara 8 ta tsaya gaban dubban mutane ta karanta abin da ta rubuta game da mahaifinta.

Ba kowa ne ya yi makoki ba. Marubuciya Germaine Greer ta rubuta cewa dabbobi ne suka rama abin da ya daɗe yana yi musu, aka kuma yi mata ca. A ganina akwai ƙamshin gaskiya a sukar da aka yi masa, domin dabbar da aka riƙe wa wutsiya saboda kyamara ba daɗi take ji ba, kuma ni ma gabana ya faɗi a 2004 da ya riƙe jaririnsa ɗan wata ɗaya a hannu guda yana miƙa wa kada nama da ɗayan. Sai dai maganar da za a iya yi wa mutum yana raye, ba a zaman makokinsa ake yin ta ba. Waɗanda suka fi ba ni haushi kuwa masoyansa ne: cikin makonnin da suka biyo baya an tsinci kifayen nan aƙalla 10 a bakin tekun Queensland a mace, an datse musu wutsiya, aka kuma yi zaton ramuwar gayya ce. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana roƙon kada a kashe maciji don kawai an gan shi, shi aka yi wa wannan ta'aziyya.

Mutuwar tasa ce ta sa na ji kunyar kaina a kan wani abu. Ina kallon kadojin Ostareliya kowane mako, alhali kogin Gaji da ke cikin Yankari, tafiyar kamar awa biyu daga gidanmu, yana da nasa, kuma ban taɓa zuwa ba. An keɓe dajin tun 1956, an buɗe shi ga baƙi a 1962, a wannan shekara ta 2006 ɗin kuma ya dawo hannun gwamnatin jihar Bauchi daga tarayya. Da rani ya yi na lallaɓa Kawu muka tafi.

Mun ga kada ɗaya a bakin ruwa, ya kwanta a rana baki buɗe, ko motsi bai yi ba har tsawon lokacin da motar ta tsaya. Na fara ba Kawu labarin yadda Mai Kada zai yi da shi da yana nan, sai ya ɗaga mini hannu ba tare da ya ɗauke idonsa daga kan dabbar ba, ya ce, "Yi shiru, bar shi ya sha hantsinsa."