Ɗaga waya a WWOZ, gidan rediyon da masu sauraro ke riƙe da shi

Duk wanda ya zauna birnin New Orleans na Amurka ko na wata uku ne ya san mita 90.7, sabida ita za ka ji a motar haya, ka ji a shagon aski, ka ji a wurin wankin kaya. Sunan tashar WWOZ. Ni karatu ne ya kai ni garin, jazz kuwa wallahi ban san komai a kai ba in ban da sunan Louis Armstrong, shi ma don filin jirgin garin sunansa aka sa masa. Wata rana na ji mai gabatarwa yana roƙon masu sauraro su kawo gudummawa, yana kuma cewa ana neman 'yan sa-kai masu ɗaga waya, ni kuma ina da ranakun da ba lakca, sai na ba da sunana.

Sau biyu a shekara suke wannan neman gudummawar. Lokacin ofishin yana ginin French Market ne kusa da kogin Mississippi, a zaunar da ku a dogon tebur kowa da wayarsa, in ta yi ƙara ka ɗauka ka rubuta suna da adireshi da nawa mutum zai bayar, sau ɗaya ne ko duk wata, sannan ka tambaye shi kyautar da yake so, riga ko hula ko makamancin haka. Aikin ke nan a takarda. Amma abu na farko da na fahimta shi ne kusan ba wanda ke kira don ya ba da lambar kati kawai ya kashe, kowa da labarinsa, kuma in ka gaggauta shi ka ɓata abun. Wata dattijuwa da ke gefena, wadda ta fara sa-kai tun kafin a haife ni, ita ta ce min in riƙa fara tambayar mutum daga ina yake kira. To daga nan ne hirar ke buɗewa, kuma daga nan na fara tsintar tarihin gidan guntu-guntu, rabi a waya rabi a bakin tsofaffin da muke cin abinci tare in wayoyi sun lafa.

Sai da aka min bayanin dalilin roƙon kuɗin ma tukuna. A Amurka mitocin FM daga 88.1 zuwa 91.9 an ware su ne ga tashoshin da ba na kasuwanci ba, doka ba ta yarda su yi talla ba. Kamfani zai iya taimakawa a ambaci sunansa da inda yake, amma ba a faɗin farashi, ba a cewa ku garzaya ku saya. A gida mun saba mai kuɗi ya sayi fili a gidan rediyo ya yi awa guda yana abin da ya ga dama, to nan ba wannan ƙofar sam, shi ya sa dala goman da wani direba zai bayar duk wata ake ɗaukarta da muhimmanci.

Wasu 'yan'uwa biyu ne suka kafa tashar, Jerry Brock da Walter Brock, daga Texas suka zo. Ran 4 ga Disamba 1980 ta fara aiki, kuma a farkon ko situdiyo babu, shirye-shiryen a naɗe suke a tef, a ɗauka a kai can wani ɗan ɗaki a Bridge City inda na'urar watsawa take, a tsallaken kogi. Bayan nan suka samu wuri a saman Tipitina's, gidan rawar da aka buɗe 1977 don Professor Longhair, gwanin fiyanon garin, ya samu inda zai riƙa wasa. Shi bawan Allah ya rasu a Janairun 1980, bai ma ga buɗe tashar ba. Ɗakin da aka ba su na ajiyar giya ne, kuma labarin da kowa ke son bayarwa, har na gaji da ji, shi ne yadda suke zura makirufo ta wani rami a daɓen ɗakin zuwa ƙasa inda makaɗa ke wasa, shi kenan an watsa kai tsaye. Kowa da yadda yake faɗin girman ramin. Darasi na biyu ke nan, in kana tattara tarihin wuri irin wannan ka bar mutane su yi ta zuba, daɗin yana nan, amma shekara da rana kam ka je ka duba a rubuce.

A 1984 suka koma cikin Louis Armstrong Park a unguwar Tremé. Wannan ne ya fi taɓa ni, don a cikin wannan lambun ne Congo Square take, filin da bayin da aka kwaso daga Afirka ke taruwa ran Lahadi su yi kiɗa da rawa da ɗan ciniki, kuma masana da yawa daga nan suke ɗauko zaren kiɗan garin. Na je na tsaya a wurin, fili ne kawai da manyan itatuwa. Kafin 1990 kuɗi ya yi wa tashar wuya, sai gidauniyar da ke shirya babban bikin Jazz Fest ta karɓi lasisin, har yanzu kuma a hannunta yake.

Abin da ya bambanta gidan da sauran shi ne masu gabatarwa 'yan sa-kai ne, ba albashi, kuma ba mai miƙa musu jerin abin da za su sa. Mutum zai shigo da jakar faya-fayansa na gida, wani lauya ne, wani malamin makaranta, wani makaɗi ne da kansa, ya yi awa biyu ko uku ya koma harkarsa. Ernie K-Doe ma, mawaƙin garin, ya yi shiri a nan a shekarun 1980, har yau ana ba da labarin yadda yake ɓaɓatu yana yabon kansa a iska. Kuma kar sunan jazz ya ruɗe ka, akwai blues, akwai zydeco da Cajun na ƙauyukan Louisiana, akwai waƙoƙin coci ran Lahadi da safe, akwai na Brazil da na Afirka. Wani lokaci mai shiri ya ɓata lokaci yana neman faifai ka ji shiru, ko ya yi ta surutu kan waye ya buga ganga a wani faifan 1950 da wani abu. Da farko na ɗauka rashin ƙwarewa ne, daga baya na lura masu kira abin da suke biya ke nan, sun fi son mutumin da ya san abun da wanda ya iya murya.

Maganar Katrina kuwa ba a yinta da wasa a teburin nan. Guguwar ta sauka 29 ga Agusta 2005, shingayen ruwa suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na garin ya nutse, tashar ta ɗauke, masu gabatarwa suka watse jihohi daban-daban, wasu faya-fayan da suka tara shekara da shekaru ruwa ya cinye a gidajensu. Wata tashar al'umma a New Jersey mai suna WFMU ce ta buɗe musu hanya a intanet cikin 'yan kwanaki, aka kira abun WWOZ in Exile, wato tana gudun hijira. A Oktoba suka dawo iska daga Baton Rouge, babban birnin jihar Louisiana, a Disamba suka dawo cikin gari, wannan ginin na French Market da muka ɗaga waya a ciki. Ni ban ga wannan zamanin ba, amma na ji shi a waya, sabida da yawan masu kira daga Houston ne ko Atlanta, mutanen da ruwa ya kora ba su dawo ba, sai mutum ya faɗa maka sunan tsohon layinsu alhali ba ka tambaye shi ba. A irin wannan kiran na koyi yin shiru, ka ajiye biro ka saurara, kuɗin zai zo a ƙarshe ko kar ya zo.

Akwai kuma hidimar da ban ɗauke ta komai ba sai da na ga amfaninta. Duk bayan awa biyu suna karanta Livewire, jerin wa ke wasa a ina daren yau, babban gidan rawa da ƙaramin shago duk layi ɗaya. Sannan suna sanar da hanyar da jerin gwanon ran Lahadi zai bi, wanda ƙungiyoyin taimakon juna na unguwanni ke fitowa da 'yan badujala jama'a na bin su a baya suna rawa. Makaɗin da ba shi da kuɗin talla, wannan ambaton na daƙiƙa biyar shi ne ke kawo masa mutane. A ganina wannan ya fi watsa Jazz Fest kai tsaye da suke yi duk shekara nauyi, duk da shi ne aka fi sanin su da shi a waje.

Wanda ke son ya ji da kunnensa tana nan a intanet kyauta. Sai dai a lura da agogo, Najeriya da Nijar na gaban New Orleans da awa 6 daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin kuma awa 7, don haka shirin tsohon jazz da suke yi da hantsi a can, a Kano ko Maraɗi wajen la'asar zai same ka.