Tarihin Rayuwar Longyearbyen, Kashi Na Huɗu: Gini A Kan Daskararriyar Ƙasa

Makon jiya mun tsaya a 1916, lokacin da Ba'amurke John Longyear ya sayar wa kamfanin Store Norske ramukan kwal ɗinsa, kafin yarjejeniyar 1920 ta damƙa tsibiran Svalbard a hannun Norwe. Yau ƙasar da garin Longyearbyen, wanda ke kan waɗannan tsibirai na can ƙuryar arewacin duniya, ke zaune a kai za mu duba.

Ƙasar nan a daskare take shekara da shekaru, zurfin mita ɗari ko fiye. Samanta kawai, mita ɗaya zuwa biyu, ke narkewa da bazara ya zama taɓo. Wanda ya aza harsashi a kanta kai tsaye ya yi asara: ɗumin ɗaki zai sauka ya narkar da ƙanƙarar, gini ya nutse ta gefe guda, bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Shi ya sa magina ke huda rami har su wuce inda ke narkewa, su kafa turakan katako ko na ƙarfe, su jira ƙasa ta daskare ta riƙe su gam, sannan su ɗora gida a sama, iska tana ratsawa ta ƙarƙashinsa. Bututun ruwa ma ba a binne shi, a sarari yake bi, an naɗe shi da abin tare sanyi.

Abin damuwa, zafi na ƙaruwa, narkewar tana ƙara zurfi, tsofaffin turaku gajeru sun fara motsi.

Ko rumbun irin shuka na duniya, wanda aka buɗe a 2008 cikin dutsen da ke kusa da filin jirgi, bai tsira ba. A can ake ajiye iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, har da wake da gurjiya da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta aika. A ƙarshen 2016 ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suka kwararo cikin hanyar shiga. Allah ya kiyaye, ruwan ya daskare tun bai kai ga irin ba. Dole aka sake hanyar da kankare marar yoyo, aka haƙa magudanai, aka fitar da na'urorin lantarki masu ɗumama wurin. Gyara ne da ya kamata a yi tun ranar farko.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga Barentsburg, garin Rashawa.