Kwana ashirin na rubuta ƙorafi kan kuɗin kan sarki a Amurka

Ni ne nake tura wa mambobin ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Amurka 'yar takardar labarai duk bayan wata uku, kusan ambulan ɗari shida. Don haka da gidan waya ya sanar a watan Oktoban 2018 cewa kan sarki zai tashi daga santi 50 zuwa 55, sai na ji abin a aljihu. Shugabanmu ya ce, "Malam, kai ne ɗan boko, ka rubuta musu." Na ce, "To Alhaji, in Allah ya yarda."

Gidan wayar Amurka ba ya ƙara kuɗi kai tsaye. Akwai hukuma a Washintan mai kwamishinoni biyar da ke duba kowane ƙari, kuma kowa na iya shigar da ra'ayinsa. A wancan lokaci sanarwar kwana 45 ake bayarwa, jama'a kuma su yi magana cikin kwana 20. Sai da na ci kwana goma sha biyu kafin ma in gano lambar fayil ɗin da hukumar ta buɗe kan wannan ƙarin. Da na buɗe, jadawalin lissafi ne shafi bayan shafi, har idona ya fara ruwa. Daren ƙarshe na zauna a teburin kicin da shayin da ya huce, na zuba shafi biyu na kukan tsada da halin da talaka yake ciki. Na tura, na kwanta ina ganin na yi bajinta.

Ashe ihu na yi bayan hari. Dokar gidan waya ta 2006 ta ɗaure ƙarin da hauhawar farashi, amma a kan rukunin wasiƙu gaba ɗaya ake auna shi. Ana iya ɗaga kan sarki da kashi 10 cikin ɗari, a sassauta wa wasu nau'o'in cikin rukunin, lissafi ya fita daidai. Takardata ba ta taɓa wannan ba ko da layi ɗaya. Wani mutum mai suna Douglas Carlson shi ya san kan abin: ya jingina hujjarsa da ayoyin dokar, ya kai maganar kotun ɗaukaka ƙara, kuma a Satumban 2019 kotu ta soke amincewar da hukumar ta yi wa ƙarin saboda ba a yi cikakken bayanin dalili ba. An sake duba batun, farashin ya zauna a 55, amma a nan na gane cewa tun ran gini tun ran zane. Wanda yake son a ji shi, wurin tsara ƙa'idojin zaman zai je.

Lokacin kuwa ana tsakiyar bitar tsarin, wadda dokar ta wajabta bayan shekara goma. Wannan karon rabin shafi na rubuta. Na faɗi yawan ambulan ɗinmu, na nuna cewa kasafinmu sau ɗaya muke yin sa a shekara, kuma kwana 20 ba sa isar mutumin da ba shi da lauya. Na roƙi ƙarin wa'adi da taƙaitaccen bayani da harshe mai sauƙi.

A Nuwamban 2020 sababbin ƙa'idoji suka fito: sanarwa ta koma kwana 90, lokacin ra'ayi 30. Ban ce don ni aka yi ba, manyan masu aika wasiƙu da lauyoyinsu sun cika fayil ɗin. Kuma a cikin wannan hukunci aka ba gidan waya damar wuce ma'aunin hauhawar farashi, abin da ban ko leƙa ba saboda hankalina yana kan kwanaki. A Yulin 2024 kan sarki ya kai santi 73. Yanzu rabin mambobinmu ta WhatsApp suke karɓar takardar, sai dattawa irin su Alhaji da suka ce su dai a kawo musu ambulan.