Ɗaya cikin huɗu, da abin da ke bayansa

Ranar da aka fara koya mana zana bishiyar dangi, malamar ta ce kowa ya zana ta gidansu tun daga kakanni. Mace da'ira, namiji murabba'i, aure layi ɗaya a tsakani. In kuwa miji da mata 'yan uwa ne, layi biyu ake ja. Da na gama sai na leƙa takardar wadda ke kusa da ni, na ga layukanta duk ɗaiɗai. A tawa layi biyu ya fito har sau uku, don Babana da Innata ɗan wa ne da 'yar ƙani. A ajin nan na Chicago, auren zumunci abu ne da ake ja wa jan biro. Daga baya muka karanta cewa ƙarin haɗarin haifar yaro mai larura a irin wannan aure bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba a kan na kowa. Amma kallon da aka yi wa takardata ya fi wannan adadi nauyi.

Sikila ce ta kai ni Amurka. Na tashi ina ganin ƙanwata tana murƙususu duk lokacin hunturu, Inna tana gasa mata ƙafa da tsumma da ruwan ɗumi. Na je neman digiri na biyu a fannin ba da shawara kan cututtukan gado, sai na tarar jami'ar tana barin ɗalibi ya haɗa da wani digirin a ɗa'ar likitanci, inda ake karanta tarihi da falsafa da labaran majinyata. Na ɗauki duka biyun. Da safe ina asibiti, sashen masu juna biyu ko na ciwon daji ko na yara, ina tara majinyata 50 da ake bukata kafin a yaye mutum. Da yamma ina aji da littafi. Barci ya yi ƙaranci, aljihu ma haka.

A ajin yamma ne na ji sunan garinmu. Mun karanta yadda aka bar baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani a garin Tuskegee na Amurka daga 1932 zuwa 1972, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Sai aka zo kan Kano, 1996, lokacin annobar sanƙarau, da gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200. Abokan karatuna suna muhawara kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Ni kuwa ina ganin uwa da yaro a baya, wuyansa ya sandare, an miƙo mata takarda da Turanci. Wace irin yarda ce wannan?

Duk da haka na daɗe ban ga inda karatun yamma ya haɗu da aikin safe ba, sai da wata mata ta shigo da mijinta. Tana da ciki wata uku, dukansu AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, ɗansu na fari SS, mai sikila. Na zana musu akwatin lissafin gado mai gida huɗu, na bayyana cewa kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zama SS, kuma cikin da zai zo bai san abin da wanda ya wuce ya yi ba. Na jero gwaje-gwajen da za a iya yi tun yaro yana ciki. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ta gyaɗa kai, suka tafi. Mai kula da ni ta rufe ƙofa ta ce, "Me ta zo tambaya?" Na yi shiru. Ashe sau biyu matar ta ambaci surukarta, cewa tana faɗin jinin gidan su matar ne ya lalata yaron, ni kuma ina sauri in isa ga lissafi. Abin da take so shi ne a faɗa a gaban mijin cewa rabin gadon daga wajensa yake. Da suka dawo, da nan na fara. Mijin ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce a ba shi takardar ya nuna wa mahaifiyarsa.

Akwai ƙa'idar da ake dasa mana, cewa mai ba da shawara ba ya yanke wa mutum hukunci. Da farko na ɗauke ta gudun nauyi ne, domin a gida in likita ya ce yi, yi ake. Tarihi ya canza mini ra'ayi. A 1927 kotun ƙolin Amurka ta halatta a hana wasu haihuwa da ƙarfi, aka yi wa mutum sama da 60,000 aiki da sunan tsabtace zuri'a. Shi ya sa Sheldon Reed, wanda ya raɗa wa wannan aiki suna a 1947, ya so ya zama taimakon iyali, ba umarnin hukuma ba. Inda na saba da malamaina shi ne zaton da suke yi cewa mutum ɗaya ke yanke shawara. A wajenmu aure ba na mutum biyu ba ne. Yanzu nakan tambayi kowa, "Wa kike so ya ji wannan bayani tare da ke?"

Da Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na AA da AS, na yi murna, kuma gabana ya faɗi. Amurka ta bi wannan hanya a farkon shekarun 1970: wasu jihohi suka tilasta gwajin sikila ba tare da bayani ba, aka riƙa ɗaukar mai AS a matsayin mara lafiya, wasu suka rasa aiki da inshora. Ina son gwajin. Amma a yi shi da wuri, ba bayan an kai lefe ba, kuma a sami wanda zai zauna da mutane bayan an miƙa musu sakamako.

Kwanaki 'yar ƙanin Babana ta kira ni cikin dare. Ita AS, saurayin AS, an sa rana. "Yaya, don Allah ki faɗa min kawai, in fasa?" Bakina ya cika da amsa, don na san daren hunturun gidanmu. Na ba ta labarin waɗannan darare ban rage komai ba, na yi mata lissafin har sai da ta maimaita shi daidai. Sannan na tambaye ta ko Baffa ya sani. Ta ce a'a, tsoro take ji. Muka ajiye gobe bayan Isha'i, za ta kai masa wayar mu yi magana mu uku.